'Yar Rakiyar Mma Katumi

Matar ta miƙo wa Sakinatu wayarta ba tare da ta dubi fuskarta ba. "Don Allah ɗauke mu," ta ce da Turanci, ta riga ta rungumo kafaɗar Mma Katumi tana gyara wuyan rigarta. Matar Bayarabiya ce, da kayan ma'aikatan asibiti a jikinta. Tun da suka iso tashar bas ta unguwar Plumstead da ke London take satar kallonsu, sai can ta dafe ƙirji ta ce ai wannan ita ce matar nan ta cikin bidiyo.

Sakinatu ta karɓi wayar ta ɗauka. Matar ta duba, ta ce rana ta haske fuskarta, a sake. Ta sake. Matar ta karɓe abarta, ta riƙe hannun Mma Katumi da hannu biyu tana sa mata albarka, ta ce duk cocinsu an kalli bidiyon, har fasto ya yi magana a kai. Sakinatu kuwa ko na gode ba ta samu ba.

"Hajiya, ka gani ko?" in ji Mma Katumi bayan sun zauna a cikin bas. "Ko'ina haka suke yi min. Har kasuwa ba na iya shiga."

Hausarta ta zangon Kumasi ce, wadda ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a bakinta. Da can wannan yana ba Sakinatu dariya. Yau sai ta ji har shi ma yana sosa mata rai.

"Ai ɗaukaka ce, Mma," ta ce, ta juya tana kallon taga.

Mayafin da ke kafaɗar Mma Katumi na Sakinatu ne, ruwan toka mai aikin zare a baki, wanda ta sayo a Madina ta adana don fita ta musamman. Ita ta ba ta aro da kanta, don ta ce ba za a hau dandalin jami'a da gyalen zuwa aiki ba. Ba ta zaci zai karɓe ta haka ba. Mma Katumi doguwa ce, baƙa, ta haura sittin, ciwon sukari ya zabge mata jiki a 'yan shekarun nan, sai ramar ta fito mata da ƙasusuwan fuska masu kyau. Mayafin ya zauna mata kamar don ita aka saƙa shi.

Sakinatu lauya ce, ko kuma a ce ta karanta lauya. A Zariya ta gama, ta yi rantsuwar shiga aiki, ba ta kai ga tsayawa gaban alƙali ba mijinta Abdulƙadir ya sami gurbin ƙaro karatun likita a London, ta biyo shi. Haihuwa ta zo, raino ya zo, jarrabawar da za ta ba ta damar aikin lauya a nan kullum sai a ce baɗi. Yanzu a teburin karɓar marasa lafiya take zama a wani ƙaramin asibitin unguwa, tana yi wa mutane booking na ganin likita, tana ba su haƙuri in an yi cancel. Inda karatunta ke amfani kawai shi ne ƙungiyar matan Hausawa ta yankinsu, wadda ita ce sakatariyarta.

Da aka kawo dokar da ta ce ba mai jefa ƙuri'a sai ya nuna shaida mai hoto, ita ce ta zauna ta karance ta tas. Ta bi gidajen mata ɗaya bayan ɗaya a ranakun hutunta, tana bayyana musu wane kati ake karɓa, wanne ba a karɓa. Ta jingina tsofaffi da farin bango ta ɗauke su hoto da wayarta, ta nema musu takardar shaidar zaɓe daga council, wato ƙaramar hukumar yankin. Ta rubuta wa jaridar unguwa doguwar ƙasida a kan yadda dokar za ta fi cizon baƙaƙen fata da talakawa, ba su buga ba, ba su ma amsa ba.

Sai ga zaɓen magajin gari a watan Mayu. Mma Katumi ta je rumfar zaɓe a makarantar firamaren da take sharewa kowace safiya, ta miƙa fasfonta na Ghana, aka ce hoton bai yi kama da ita ba. Ta fito harabar makarantar tana kuka tana faɗa da Turanci cewa ta fi shekara ashirin tana goge wannan daɓen, yau an ce ba a san fuskarta ba. Wata mata da ke bin layi ta ɗauke ta a waya. Kafin mako ya zagayo bidiyon ya gama gari. Gidan rediyo ya kira ta, jaridar nan ta unguwa ta sa hotonta a shafin farko, yau kuma ga shi wata jami'a a Aldwych ta gayyace ta muhawara, ana saura 'yan kwanaki babban zaɓe.

A cikin jirgin ƙasa daga Woolwich wayar Sakinatu ta yi ƙara. 'Yarta Zarah ce, wadda ke jin Hausa sarai amma ba ta mayarwa sai da Turanci. Ta rubuto cewa a gaya wa Anti Katumi ita da ƙawayenta duk za su kalla kai tsaye, ta jera hotunan zuciya. A ƙarshe ta ƙara da cewa, Mum, ki tabbata ta sha maganinta kafin ta hau. Sakinatu ta kife wayar a cinyarta. Da safen nan ma Abdulƙadir, yana ɗaura agogo, ya ce matar nan Allah ya yi mata baiwar magana, abin da masu digiri suka kasa fahimtar da mutane ta faɗe shi a numfashi ɗaya. Bai lura da yadda ta ajiye masa kofin shayi ba.

Mma Katumi ta matso kusa da ita. "Hajiya, in suka tambaye ni doka fa? Ni ban san sashe kaza ba."

"Ba doka suke so daga wurinki ba. Kuka suke so."

Mma Katumi ta dube ta. Sakinatu ta yi saurin yin murmushi, ta dafa mata gwiwa. "Wasa nake. Ki faɗi abin da ya faru kawai, kamar yadda muka yi bita."

Ita ta tsara mata jawabin, ita ta sa ta maimaita shi a kicin har ya zauna. Ta san inda za a yi shiru, ta san inda za a tafa.

A Aldwych bas-bas sun cushe titi, mutane na tururuwa gaban gidajen wasan kwaikwayo. A ƙofar jami'ar an kafa allo mai ɗauke da fuskar Mma Katumi, babba, an ciro ta daga bidiyon, hawaye na sheƙi a kuncinta. Wata ɗaliba ta tarbe su da gudu, ta rataya wa Mma Katumi kati mai sunanta da manyan baƙaƙe. Ta dubi Sakinatu ta ce, "Ke ce mai kula da ita?"

"Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu."

"Madalla," in ji ɗalibar, ta miƙa mata kati wanda ba suna a jiki, sai kalmar baƙo.

Aka kai su wani ɗaki a bayan zauren, inda aka ajiye shayi da biskit. Nan da nan aka yanyame Mma Katumi. Mai gabatar da taron, wata malamar jami'a mai gajeren gashi, ta ja ta gefe tana yi mata bayani, wani yana maƙala mata abin magana a bakin mayafi, wani yana tambayar yadda ake furta sunanta. Mma Katumi ta waiwayo ta miƙa wa Sakinatu jakarta. Sakinatu ta tsaya kusa da tukunyar shayi da jaka biyu, ɗaya a kowace kafaɗa.

"Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Ta juya. Wani dattijon Bature ne mai furfura, da kwat ɗin da ta ɗan tsufa, yana murmushi da jin daɗin Hausarsa. Ta gane shi daga hoton da ke takardar taron: Mista Ardley, tsohon kansila, wanda zai kare dokar. Ya koma Turanci ya ce iyakar abin da ya rage masa ke nan, sai kuma "ba komai". Yana saurayi ya koyar da lissafi a wata sakandare a Funtuwa, har yanzu bai sake cin masa mai daɗin ta can ba. Ya tambaye ta garinsu. Da ta ce Zariya, fuskarsa ta washe, ya tambayi me ta karanta.

Rabon da wani ya yi mata wannan tambayar har ta manta. Ta gaya masa. Ya ajiye kofinsa ya ce to yana so ya ji ra'ayin lauya, ba na ɗan siyasa ba.

Sai bakinta ya buɗe. Ta ce ita ba ta ƙi kati don kati ba, a gida ma da kati ake zaɓe, har da dangwala yatsa, mutane na shan rana a layi ba wanda ya ce an ci mutuncinsa. Amma a can kati ɗaya ne ga kowa, da minista da mai gyaran takalmi. A nan kuwa an zaɓi waɗansu katunan an bar waɗansu, katin bas na tsofaffi ya shiga, na matasa bai shiga ba, sannan aka bar wa ma'aikacin da ke kan tebur ya yanke da idonsa ko fuska ta yi kama da hoto. Ido kuwa ba ya kallon kowa daidai. Ya saurare ta har ta dire, yana gyaɗa kai, ya ja da ita a wuri ɗaya, ta ba shi amsa, ya yi dariya ya ce ta kama shi.

"Ke ya kamata a ɗora a kan dandalin nan," ya ce. "Da na sha wuya yau."

Wani ɗumi ya ratsa ta tun daga wuya har fuska. Ta dubi inda Mma Katumi take, ana shafa mata hoda a goshi saboda hasken fitila.

Mista Ardley ya bi idonta da kallo. Ya ce abin da ya sami baiwar Allahn nan ya dame shi ƙwarai. Laifin a ganinsa na rashin wayar da kai ne. Mace mai shekarunta ai tana da haƙƙin katin shiga bas na 'yan sama da sittin, kuma ana karɓarsa a rumfar zaɓe. Abin takaici, ba a sami wanda ya gaya mata ba.

"An gaya mata," in ji Sakinatu. "Ni na gaya mata. Ni na nema mata katin da hannuna." Ta ɗan ɗaga kafaɗar da jakar Mma Katumi ke rataye. "Yana cikin jakar nan ranar, kamar yadda yake ciki yanzu."

Ta ga lokacin da maganar ta shige shi, ta ga idonsa ya sauka kan jakar ya dawo. A yammacin ranar zaɓen Mma Katumi ta gaya mata wannan, a kicin ɗinta, tana share hanci da bakin zane. Ita Sakinatun ce ta ce mata kada ta sake ta faɗa wa kowa, mutanen nan ba za su fahimta ba.

Akwai sauran lokaci. Mai gabatarwa ba ta kira su ba tukuna, Mista Ardley yana tsaye gabanta, mutum ne mai kunya, da ta ce masa wannan tsakaninsu ne da ya bari. Ta buɗe baki, sai ta ji an fashe da dariya a ɗaya gefen, Mma Katumi ta faɗi wani abu, malamar jami'ar har tana riƙe ciki. Sakinatu ta ɗauki biskit ta gutsura.

An ba ta kujera a layin gaba, a can ƙarshe. Zauren ya cika da ɗalibai da 'yan jarida da waɗansu tsofaffin Turawa masu littafin rubutu. Wani matashin malami ya fara, ya nuna zane-zane a allo, ya ce baƙaƙe da 'yan Asiya da marasa hali su ne suka fi rashin fasfo da lasin tuƙi. Duk abin da ya faɗa yana cikin ƙasidarta da aka ƙi bugawa, kuma ta fi shi iya jera shi. Mista Ardley ya ce a Ireland ta Arewa an daɗe ana nuna shaida ba a ji sama ta faɗo ba, takardar shaidar zaɓe kyauta ake bayarwa, kuma mutum ko saƙo zai karɓa a gidan waya sai ya nuna ko shi wane ne. Ya ce ƙuri'a ba ta fi ƙunshin saƙo arha ba. Waɗansu suka tafa masa.

Sannan Mma Katumi ta yi nata. Ta fara da rawar murya, ta tsallake layi biyu daga abin da suka yi bita, amma inda Sakinatu ta sa shiru nan zauren ya yi tsit, inda ta sa tafi nan aka tafa. Kalmominta ne ke fita daga bakin wata, ana share hawaye saboda su. Matar da ke kusa da ita ta sunkuyo ta raɗa mata cewa wannan baiwa ce daga Allah, ba a koyonta a makaranta. Sakinatu ta ƙanƙame jakunkunan da ke cinyarta.

Da aka zo tambayoyi, Mista Ardley ya nemi izini. Ya yi magana a hankali, da ladabi, bai ko kalli layin gaba ba. Ya ce yana girmama ta, kuma ba don ya kunyata ta zai tambaya ba, sai don a san inda matsalar take. Shin a ranar, ban da fasfo, akwai wata shaidar da doka ta yarda da ita a tare da ita?

Mma Katumi ba ta dube shi ba. Idonta ya bi layin gaba har ƙarshe, ya tsaya a kan jakar, sannan ya hau zuwa fuskar Sakinatu. Ba ta daɗe tana kallon ba. Mai gabatarwa ta fara cewa ba dole ne ta amsa ba, Mma Katumi ta ɗaga mata hannu.

"Akwai," ta ce da Turancinta na Ghana. "Katin bas ɗina yana cikin jakata."

Aka yi 'yar hayaniya a baya. Wani ɗan jarida ya sunkuya kan wayarsa.

"Mutumin da ke gabana a layi lasin tuƙi ya nuna. A hoton gashi cike da kansa, shi kuwa sanƙo ne tal. Shi da yarinyar da ke kan tebur suka yi dariyar abin tare, ta ba shi takardarsa. Ni na ba da fasfo mai rai. Ta ɗaga shi kusa da kuncina. Ta kira babbansu. Suka tsaya su biyu suna duba hancina, suna duba hoton, suka ce in ja ɗankwalina baya su ga kunne. A bayana akwai iyayen yaran da nake goge wa tebur. Na sa hannu a jaka, na taɓa katin, yana nan. Sai na ce a raina, shi ma wannan hotona ne. Fuskar nan ce dai, ba ni da wata. In na fito da shi suka ce shi ma ba ni ba ce fa? Sai na fita tun ƙafata tana iya ɗaukata."

Babu ko kalma ɗaya ta Sakinatu a ciki.

Mista Ardley ya ce ya ji, kuma abin da aka yi mata bai dace ba. Amma wannan ya nuna doka ta ba ta hanya, kuskuren na ma'aikata biyu ne, horo suke bukata, ba soke doka ba.

"Ni ban san doka ba," in ji Mma Katumi. "Na dai san na sha yin zaɓe a ɗakin nan, kafin dokar ba wanda ya taɓa duba hancina."

Tafin ya fi na farko. Ɗalibai suka miƙe tsaye. Ba kowa ya tafa ba, waɗansu daga cikin tsofaffin sun naɗe hannu, Mista Ardley kuma ya rubuta wani abu ya ce har yanzu yana kan bakansa. Sakinatu ta miƙe tare da masu miƙewa, don zama zai fi fitowa fili. Jakunkunan sun hana ta tafi sosai. Kunya na cin ta, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya fi ta zafi: ta tura matar nan rami, ta faɗa, ta fito da abin da ya fi duk abin da ita ta rubuta mata.

Bayan taro Mista Ardley ya nufo ta, ta yi kamar tana neman wani abu a jaka har ya wuce. Mma Katumi ta gaisa da masu gaisawa, ta tsaya aka yi hotuna, sannan ta zo ta zare jakarta daga kafaɗar Sakinatu ta yi gaba.

A jirgin komawa suka sami kujeru masu fuskantar juna. Ba su yi nisa ba wayar Mma Katumi ta fara ruri. 'Yarta Nimatu ce, muryarta har Sakinatu na jiyowa. An riga an yanko wurin da ta ce katin yana jakarta, an yar da sauran, an sa a intanet da rubutu cewa matar bidiyo ta amsa ƙarya ta yi. Mutane na ta zagi a ƙasa, waɗansu na cewa a mayar da ita inda ta fito, wani har ya rubuta sunan makarantar da take aiki.

"Bar su," in ji Mma Katumi. "Kar ka amsa ma kowa. Ka dafa shinkafa, ina zuwa." Ta kashe wayar gaba ɗaya ta jefa a jaka. Ta ɓare alewa ta sa a baki saboda sukarinta, ta rufe ido.

Ita ma Sakinatu saƙonni sun taru mata. Zarah ta turo cikakken bidiyon amsar, ta ce ta yi kuka, ta ce wane mugun ne ya gaya wa tsohon nan. Matan ƙungiya na ta yabo, wata ta ce a yi wa Mma Katumi walima. Sakinatu ta karanta duka, ba ta amsa ko ɗaya ba.

Sai da suka sauka a Woolwich suka hau bas ɗin Plumstead, rana ta yi sanyi amma gari da sauran haske, sannan ta iya magana.

"Mma, mutumin nan hira muke yi. Cewa ya yi ba a wayar muku da kai ba, ni kuma..."

"Hajiya." Mma Katumi ba ta ɗaga murya ba. "Kai ka nema min katin. Kai kaɗai na faɗa ma. Kai ka ce in yi shiru."

"Bakina ne ya suɓuce."

"To."

Bas ya tsaya, 'yan makaranta suka shigo da surutu, ya tashi. Sakinatu ta jira a yi mata faɗa. Ta shirya amsoshi, har da waɗanda za su yi zafi: wa ya rubuta jawabin, wa ya bi gidaje cikin ruwan sama, wa aka taɓa ce wa sannu. Mma Katumi ba ta ba ta ƙofar faɗin ko ɗaya ba. Shagunan titi take kallo, mai sayar da doya da busasshen kifi, mai aski, cocin da ke saman shagon waya.

Da suka kusa tasharta ta danna ƙararrawa, ta miƙe ta riƙe ƙarfe.

"Ran Alhamis, ranar zaɓe, zan koma makarantan," ta ce. "Da fasfo ɗin nan zan je, shi kaɗai. Ba sai ka zo ba. Damata zai raka ni."

Sakinatu ta ɗan yi jim kafin ta gane mace ake nufi. Damata, maƙwabciyar Mma Katumi ta flat ɗin sama, 'yar Tamale ta Ghana, wadda ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, ko taron ƙungiya ba ta zuwa.

"Damata? Mma, ai ba ta san komai a kan dokar nan ba. In suka sake tsayar da ke, me za ta ce musu?"

"Ba sai ya ce komai ba. Tsayawa kawai zai yi a bayana."

Ƙofa ta buɗe, ta sauka a hankali, ƙafa ɗaya sannan ɗaya. A bakin shagon da ke kusa da tashar wata gajeriyar mata ta fito da ledar cefane, da silifas da rigar sanyi a kan atamfa. Damata ce. Ta hango Mma Katumi, ta saki fuska, ta ƙaraso ta saƙala hannunta a nata. Ta faɗi wani abu da Sakinatu ba ta ji ba ta cikin gilashi, Mma Katumi ta yi dariya har ta sunkuya.

Bas ya ja. Sakinatu ta juya a kujerarta tana kallonsu, doguwa da gajeriya, suna tafe kafaɗa na gugar kafaɗa. Abin nan da ya wuni yana cin ta bai tafi ba. Ya dai sauka daga kan Mma Katumi ya koma kan matar nan mai ledar cefane, wadda ran Alhamis za ta tsaya a layi a bayanta ba tare da ta san sashe ko ɗaya na doka ba. Ta ci gaba da leƙe har wuyanta ya ƙage, har bas ya sha kwana bango ya tare su.